Jadawalin Baba

Baba ya rasu ranar Talata, 4 ga Fabrairun 2025, a gidansa da ke Houston, yana da shekara 77. Allah ya jiƙansa da rahama. Aiki biyu ya bar mana da sai an bi su daki-daki: takardun da Amurka ke nema idan mutum ya rasu, da jadawalin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i da yake riƙe wa gidanmu duk watan Maris tun 1985. Zan taɓa na farkon a gurguje, don akwai inda ya shiga cikin na biyun.

Da yake yana hannun masu jinyar ƙarshe da ake kira hosfis, ba mu kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, ba lokacin da rai ya yi halinsa. Ma'aikaciyar jinyarsu ake kira, ita ke zuwa ta tabbatar da rasuwa ta rubuta lokaci. Idan aka kira 911 kuma babu takardar da ke cewa kada a yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, masu motar asibiti za su hau danna ƙirjin tsohon da ya riga ya cika. Wanda kuwa ya rasu a gida ba tare da hosfis ba, 'yan sanda ne ke fara zuwa, wani lokaci gawar ta wuce ofishin likitan bincike, jana'iza ta kwana. Dokar Texas ba ta tilasta ɗura wa gawa sinadari ba, sanyaya ta ya wadatar idan za ta haura awa 24, amma sai ka faɗa wa gidan jana'iza da bakinka tun a waya ta farko, ka kuma nemi takardar farashinsu, wadda doka ta ce su ba ka. Akwatin kankare da ake sakawa cikin kabari ƙa'idar maƙabarta ce, kuma ɓangaren Musulmi da muka binne shi suna amfani da marar gindi domin gawa ta taɓa ƙasa. An yi masa wanka da safiyar Laraba, aka sallace shi bayan azahar.

Takardar shaidar mutuwa kuwa, a karɓi kwafi goma masu hatimi, domin banki da inshora da ofishin fansho kowa tasa yake so. Kafin a shigar da ita a zauna a duba sunan harafi bayan harafi, a daidaita shi da na katin Social Security, hukumar gwamnatin Amurka da ke biyan tsofaffi kuɗin ritaya. Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne a wurinmu, amma a wurin banki mutum biyu ne. Kuɗin Social Security na watan da mutum ya rasu ba nasa ba ne, ko sun shigo za a janye su. Kada a rufe layin wayarsa, duk lambobin sirri na shiga asusunsa can ake turowa. Kuskuren da muka yi shi ne rufe katin bankinsa ba tare da mun bi abin da ke cirar kuɗi daga cikinsa ba. Kuɗin talabijin na ciki, sai da Maris ya kama muka ga tashoshin sun ɗauke. Wasannin gasar a rarrabe suke tsakanin CBS da TBS da TNT da truTV, kuma CBS kaɗai ake kamawa da eriya.

Asalin jadawalin daga 1981 ne, shekarar da Baba ya zo karatu Jami'ar Houston ya tarar da wani dogon yaro ɗan Legas a ƙungiyar makarantar, wanda a lokacin ake rubuta sunansa Akeem Olajuwon. Sau uku a jere suka kai huɗun ƙarshe a hannun koci Guy Lewis, daga 1982 zuwa 1984. A 1983 North Carolina State ta doke su 54 da 52 a wasan ƙarshe a Albuquerque, da ƙwallon da Lorenzo Charles ya cafe a iska ya zura ana gab da hura tashi. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Baba bai taɓa canza ƙungiya ba. Da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 64 a 1985, jadawalin ya zauna daidai a shafi ɗaya, sai ya fara yanko shi daga jarida. Fayil ɗin da muka tarar yana da takarda 39, babu ta 2020 domin annobar korona ta hana gasar.

Ƙungiya 68 aka ɗauka a gasar farko bayan rasuwar Baba. A 2025, 31 sun shiga ne kai tsaye saboda sun ci kofin rukuninsu, sauran 37 kwamiti ne ya zaɓe su. Ana sanar da su ranar wata Lahadi a tsakiyar Maris, ƙarfe biyar na yamma agogon Houston. A 2025 ta faɗo 16 ga wata, ranar da muka yi addu'ar arba'in, ana tsakiyar azumi, don haka sai bayan tarawi na samu na buga takardun. Ƙungiya takwas suka fara karawa Talata da Laraba a Dayton ta jihar Ohio, huɗu suka wuce, aka koma 64. Waɗannan ana raba su shiyya huɗu, kowace shiyya ƙungiya 16, da lamba daga 1 zuwa 16 gwargwadon ƙarfinsu a idon kwamiti. Lamba 1 ta kara da 16, 2 da 15, haka har 8 da 9. Duk wanda aka doke sau ɗaya ya tafi gida. Wasa 63 ke nan cikin mako uku, kuma aikin mai cike jadawali shi ne ya rubuta wanda zai ci kowane ɗaya kafin a jefa ƙwallon farko ranar Alhamis.

Mu shida ne: ni, da Yaya, da ƙannena biyu, da ɗan Yaya, da Kawu da ke Zariya wanda ke turo hoton takardarsa ta WhatsApp. Dokar Baba ta farko ita ce babu kuɗi. A ofisoshin Amurka dala biyar ko goma ake zubawa, mai nasara ya kwashe, shi kuwa ya ce wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta. A gidanmu wanda ya zo na ɗaya shi ke fara zaɓen nama ranar Babbar Sallah, na ƙarshe kuma shi ke wanke kayan ciki. Doka ta biyu ita ce lokacin rufewa. Wasan farko yana farawa jim kaɗan bayan ƙarfe sha ɗaya na safiyar Alhamis a Houston, wato bayan biyar na yamma a Najeriya, tazarar awa shida. A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin Amurka na tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta Maris, kafin nan tazarar awa bakwai ce. Kawu ya taɓa lissafi da tsohon agogo takardarsa ta iso an riga an buga rabin wasa. Daga ranar aka mayar da rufewa daren Laraba.

Makin yana ninkuwa ne kowane zagaye: 1 a na farko, sai 2, 4, 8, 16, wasan ƙarshe kuma 32. Tunda yawan wasanni yana raguwa da rabi, kowane zagaye maki 32 ne a dunƙule, jimla 192. Wanda bai zauna ya yi wannan lissafin ba zai kwana yana nazarin wasannin zagayen farko, alhali wasa uku na ƙarshe kaɗai suna ɗauke da maki 64, kashi ɗaya cikin uku na komai. Shi ya sa Baba ke cikewa daga tsakiyar takarda zuwa gefe. Sai ya rubuta zakara tukuna, ya bi sunan baya-baya har zagayen farko, sannan abokin karawarsa a wasan ƙarshe, sannan sauran biyun da za su kai huɗun ƙarshe. Idan aka fara daga gefe, mutum kan bi son zuciyarsa wasa bayan wasa har ya tsinci kansa da ƙungiyar da shi kansa bai yarda da ita ba a tsakiyar shafi. A duba kuma wace shiyya ce ke haɗuwa da wace: a 2025 Kudu da Yamma ne gefe ɗaya, Gabas da Tsakiya ɗaya gefen, saboda haka Houston da Duke ba za su taɓa haɗuwa a wasan ƙarshe ba, sai dai a na kusa da shi. Duk shekara sai an samu wanda ya rubuta abin da ba zai yiwu ba, shi ya sa ake fara cikewa da fensir, a bi da biro bayan wani ya duba.

Gurabe huɗu suna zuwa da suna biyu, na waɗanda za su fara bugawa a Dayton. Mu gurbin muke zaɓa, duk wanda ya fito a cikinsu shi ne naka. Kada a raina su. VCU a 2011 da UCLA a 2021 daga nan suka taso har huɗun ƙarshe.

Sai zaɓen inda ƙarami zai kayar da babba, wanda shi ne gishirin abin. Lamba 16 sau biyu kacal ta taɓa doke lamba 1 a gasar maza: UMBC ta ci Virginia 74 da 54 a 2018, Fairleigh Dickinson ta ci Purdue 63 da 58 a 2023. Wannan abin kallo ne, ba abin rubutawa a takarda ba. Inda ya fi yawan faruwa shi ne 12 da 5, da 11 da 6, kuma dalilin a bayyane yake. Lamba 5 galibi ƙungiya ce ta babban rukuni mai rauni a wani wuri, lamba 12 kuwa sau da yawa zakarar ƙaramin rukuni ce da ta saba da nasara, 'yan wasanta sun shekara uku ko huɗu tare. Baba yakan ɗauki lamba 12 guda biyu, amma ba ya barin su su wuce zagayen 'yan 16. Idan ka yi kuskure a zagayen farko maki ɗaya ka rasa, idan ka ja ƙaramar ƙungiya zuwa nesa ka fitar da wadda za ta kawo maka 4 da 8. Na bi wannan: na ɗauki Colorado State a kan Memphis na dace, na ɗauki UC San Diego a kan Michigan aka doke su 68 da 65. McNeese, wadda ke Lake Charles, tafiyar awa biyu da ɗoriya daga gidanmu, ita ta kayar da Clemson 69 da 67, babu ko mutum ɗaya cikinmu da ya rubuta ta.

A gefen kowace takarda tasa akwai ƙananan lambobi da fensir kusa da sunayen ƙungiyoyi, sai da na jera takardun shekaru da yawa na gane kason jifan kyauta ne, wato jifan da ake ba ɗan wasa daga layi idan an yi masa keta. Dokar jami'a ta bambanta da ta NBA, gasar ƙwararru ta Amurka. Rabi biyu ake bugawa na minti 20, daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta yi jifa, keta biyar ke fitar da ɗan wasa. Idan ƙungiya ta kai keta bakwai a rabi ɗaya, wanda aka yi wa zai je layi ya jefa ɗaya, sai ta shiga ake ba shi ta biyu. Daga keta ta goma ne ake ba da biyu cif. Don haka ƙungiyar da ke baya a mintin ƙarshe takan yi keta da gangan ga wanda hannunsa bai faɗa ba, idan ya zubar da ta farko ƙwallo ta dawo musu a banza. Haka Jim Valvano, kocin North Carolina State, ya yi wa Houston a 1983. Haka kuma Memphis ta zubar da jifa a mintunan ƙarshe a 2008, Kansas ta rama ta ci a ƙarin lokaci. Duk ƙungiyar da kasonta ya gaza 70 cikin 100, Baba yakan zana mata da'ira, kuma da wuya ya kai ta huɗun ƙarshe, in ban da Houston, wadda ba a yi mata lissafi. Abu na biyu da yake dubawa shi ne mai raba ƙwallo, ɗan aji nawa ne, domin sabon shiga yakan rikice idan aka matse shi a duk faɗin fili. Na uku rauni: lambar da kwamiti ya bayar sakamakon wata huɗu ce, ƙungiyar da babban ɗan wasanta ya ji ciwo a makon da ya wuce tana iya riƙe lamba 3 da ƙarfin lamba 8.

Akwai dokarsa ɗaya da ta ci ni a 2025. Ba ya taɓa kai lamba 1 duka huɗun zuwa huɗun ƙarshe, hujjarsa kuwa tun 1985 sau ɗaya hakan ta faru, a 2008, kuma a 2023 ko ɗaya cikinsu ba ta kai zagayen 'yan takwas ba. Na bar Auburn da Duke da Houston, na cire Florida na sa St. John's ta koci Rick Pitino, mai lamba 2 a shiyyar Yamma. Arkansas mai lamba 10 ta kore su a zagaye na biyu, maki 2 da 4 da 8 suka tafi a yammaci ɗaya, 14 ke nan. Sai ga lamba 1 duka huɗu sun hallara a San Antonio, inda aka buga wasannin huɗun ƙarshe. A ganina dokar tana nan da hujjarta, amma tana buƙatar a duba shekara. A 2025 tazarar manya da ƙanana ta fito fili tun farko, babu lamba 13 zuwa 16 ko ɗaya da ta ci wasa, kuma wanda ya bi lambobin kwamiti ido rufe ya samu 25 cikin 32 a zagayen farko. Ni da na yi nazarin kwana uku 24 na samu.

Aikin mai riƙe jadawali ya fi nauyi a kwana huɗun farko, wasa 16 ranar Alhamis, 16 ranar Juma'a, takwas-takwas Asabar da Lahadi. Ana buƙatar takarda ta bakwai wadda ba ta kowa ba, a kanta ake rubuta ainihin sakamako, da ita ake auna sauran. Biro biyu: kore don kewaye wanda aka dace, ja don soke wanda aka rasa. Inda ake kuskure shi ne a soke suna a zagayen da aka doke shi kawai. Dole a bi shi har duk inda mai takardar ya kai shi a soke, in ba haka ba bayan mako guda sai a ba mutum maki a kan ƙungiyar da ta daɗe a gida. Kowa kuma layi biyu ake buɗe masa: makin da ya samu, da mafi yawan da zai iya kaiwa, wato 192 a cire duk abin da jan biro ya ci. Na biyun ne ke nuna gaskiya. Ranar Litinin ta farko ɗan Yaya ne kan gaba, amma an riga an fitar da zakaransa a zagaye na biyu, 62 sun tafi, ba shi da sauran hanya. A ƙasan takarda kowa yana rubuta jimlar makin da ƙungiyoyin biyu za su ci a wasan ƙarshe, don raba gardama idan an yi kunnen doki. Kada kowa ya sa ran cike duka 63 daidai. Idan da ƙuri'a za a yi, hanya ɗaya ce cikin 9,223,372,036,854,775,808, kuma mafi nisan da aka tabbatar shi ne wani mutumin Ohio da ya dace da 49 a jere a 2019.

Tsoffin takardun ma suna da tasu matsalar. Na jarida sun yi ja sun fara karyewa a wurin ninki, fensirin kuma yana gogewa idan takarda ta goga takarda. Na ɗauki hoton kowace a shimfiɗe da hasken rana, na sa kowace a ledarta, ban manna komai da salatif ba domin shi ke cin takarda. Ta 2023 tana da rubutu a gefe kusa da UConn, wadda ta ci kofin shekarar, sunan ɗan wasanta Adama Sanogo ɗan Mali da kalmar azumi an ja mata layi biyu. Yaron yana azumin Ramadan ya buga wasannin ƙarshe na gasar, aka kuma zaɓe shi gwarzonta.

Houston na rubuta a tsakiya, kamar yadda yake a yawancin takardun da ke fayil ɗin a duk shekarar da suka shiga. Sun ci Gonzaga 81 da 76, suka sha da ƙyar a hannun Purdue 62 da 60, suka ci Tennessee 69 da 50 ranar 30 ga Maris muna cikin kayan Sallah. Ranar 5 ga Afrilu Duke ta ba su tazarar 14 saura kusan minti takwas, suka farke suka ci 70 da 67. Kafin wasan ƙarshe ina da 110: 24 a zagayen farko, 22 a na biyu, 24 a na uku, 24 a na huɗu, da 16 na Houston. Ƙanwarmu autar gida, wadda ta bi lambobi kawai ta kuma zaɓi Florida domin tambarinsu kada ne, ita ke gabana. Idan Houston ta ci na kai 142 na wuce ta.

An buga ranar Litinin 7 ga Afrilu a filin Alamodome na San Antonio, Kawu yana kan waya daga Zariya wajen ƙarfe biyun dare. Yaran Kelvin Sampson, kocin Houston, sun kai 42 da 30 a farkon rabi na biyu, Florida ta yi ta rage tazarar har ta wuce gaba. Saura ƙasa da daƙiƙa 20, ana 65 da 63, ƙwallo a hannun Houston. Emanuel Sharp ya tashi zai yi jifan maki uku, Walter Clayton na Florida ya taso masa da hannu a sama, sai ya saki ƙwallon ta faɗi ƙasa. Doka ba ta ba shi damar ya fara taɓa ta ba, in ya taɓa an hura masa laifi, don haka ya tsaya yana kare ta da jiki tana tsalle a gabansa har ɗan Florida ya faɗa kanta, lokaci ya ƙare. Tazarar maki biyu, kamar ta 1983. Kawu ya ce, "To ɗana, ai ka soke," ya kashe wayar.

Na soke Houston da jan biro a gurbin tsakiya, na rubuta 128 a wurin raba gardama duk da ba a buƙace shi ba. Auta ta zo ta ɗaya, ni na uku da 110, kayan ciki kuma suka faɗa kan ɗan Yaya.